Gaiwa, angiya da shak: abin da suke ci da yadda suke zama

A watan Afrilu, in kuka tashi daga Cadakori kuka yi kudu zuwa fadamar Gulbin Maraɗi, ba za ku tarar da ruwa ba. Gulbi ya ƙafe tun kaka. Tabkunan da ya bari su ma sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Laka ta bushe ta tsattsage, har yaro yana iya zura hannu cikin tsagar. Awaki suna yawo inda masunta suka jefa birgi da damana. In aka tambaye ku ina kifi, za ku ce babu. To, ku yi hankali da amsar nan. Mai yiwuwa ne kuna tsaye bisa kan kifi mai rai.

Kifin nan shi ne gaiwa. Wasu suna ce mata maimama.

Gaiwa

Wanda bai san gaiwa ba, in ya gan ta sai ya ce maciji ne. Doguwa ce, ga santsi, ƙayarta ƙanana ne sun nutse cikin fata. Babba tana kai metir 1, nauyinta wajen kilo 4. Ba ta da fikafikai masu faɗi irin na ƙarfasa. A madadinsu tana da wasu abubuwa huɗu sirara kamar igiya, biyu kusa da kai, biyu can baya. Da su take taɓa ƙasan ruwa, tana jin abin da ke wurin. A shekara ta 2011 masana na jami'ar Shikago, a Amurka, suka ɗauki hotonta cikin akwatin gilashi, suka ga tana dogara da na baya tana takawa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙafafu.

Abin da ya raba gaiwa da sauran kifayenmu yana cikin ƙirjinta: tana da huhu biyu. Ƙarfasa da giwan ruwa suna shaƙar iskar da ke narke cikin ruwa, ta jajayen matsefan nan da ke gefen kansu. Gaiwa ita ma tana da su, amma ƙanana ne, ba su isarta. Dole ne ta riƙa tasowa tana buɗa baki tana haɗiyar iska, sa'an nan ta koma ƙasa. In ta faɗa cikin taru ta kasa tasowa, sai ta mutu. Ga kifi, ga shi ruwa ya ci shi!

Ba ta da zaɓen abinci. Tana cin katantanwa, da ƙwarin ruwa, da tsutsa, da kwaɗi, da talibambam, da ƙananan kifaye. In ta sami ƴaƴan ciyawa ko saiwa mai taushi ba ta ƙi. Haƙoranta ba su jeru ɗai-ɗai kamar namu ba. Falle-falle ne masu kaifi, sama da ƙasa, masu ƙarfi kamar dutsen niƙa, da su take farfasa ɓawon katantanwa. Takan tsotso abinci, ta tauna, ta furzar, ta sake tsotsa, har ya yi laushi. Kada yaro ya kai yatsa bakin gaiwa, ko da an fitar da ita daga ruwa tun da safe. Ba ta mutu ba, numfashi take yi.

Yanzu bari mu ga yadda take yi da rani.

In ruwan tabki ya fara janyewa, ya yi zafi, ya koma taɓo, sauran kifaye sukan taru a ɗan abin da ya rage, suna haki, har balbela da yara su kwashe su. Gaiwa ba ta jiran wannan rana. Sai ta juya kai ƙasa ta shiga ciccizar laka, tana fitar da ita ta gefen kai, tana nutsewa. In ta kai zurfin wajen kamu ɗaya, sai ta naɗe jiki, ta mai da baki sama, ta rufe fuska da wutsiya. Muddin da sauran ruwa a bisa, takan taso ta shaƙi iska ta koma. Ran da ruwan ya ƙare, sai fatarta ta fitar da yauƙi mai yawa. Yauƙin nan ya bushe ya zama wata jaka mai kama da busasshen ganye, ta lulluɓe ta duka. Ƴar kafa ɗaya kaɗai ake bari daidai bakinta. Ta nan iska ke iso mata, ta ramin da ta bi ta shigo.

Shi ke nan, ta kwanta. Ba ci, ba sha, ba motsi, wata 7 ko 8.

Da me take rayuwa? Tsofaffi suna cewa gaiwa jikinta take ci. Wasu ma suna tsammani wutsiyarta take gatsa. Ba ta gatsa, amma maganar tsofaffi gaskiya ce. Tsokar da ta tara da damana ita ce rumbunta. Jiki yana narkar da ita kaɗan-kaɗan yana ciyar da zuciya da ƙwaƙwalwa. Don kada rumbun ya ƙare da wuri, sai gaiwa ta yi abin da uwa ke yi in kananzir ya yi ƙaranci: ta rage lagwanin fitila. Zuciya ta rage bugu, numfashi ya yi nisa da juna, aikin jiki duka ya koma ɗan ƙanƙane. In ta fito da damana za ku gan ta ta rame, ta ɗan gajarta.

Da sauran matsala guda. Duk mai rai yana fitar da ƙazanta. Kifi yana zubar da tasa cikin ruwa, ruwa ya tafi da ita. Ƙazantar nan dafi ce, in ta taru cikin jini tana kisa. To, gaiwa cikin jaka ina za ta zubar? Sai hantarta ta juya dafin ya koma wani gishiri mai sauƙin cuta, wanda ake kira ure. Kun san shi: shi ne farin takin zamanin nan da ake zuba wa hatsi da masara. Gaiwa tana ajiye shi cikin jikinta har ran da ruwa ya dawo, ta wanke shi a cikin kwanaki kaɗan. Ku riƙe sunan gishirin nan, za mu sake gamuwa da shi.

In ruwan sama ya sauka a watan Yuni ko Yuli, gulbi ya kawo, laka ta jiƙa, sai jakar ta yi laushi. Gaiwa ta yi ɗan gurnani, ta miƙe, ta fito da yunwa. In kuma shekarar fari ce, tabki bai cika ba, tana iya ƙara jira. A ɗakin bincike an ajiye wasu cikin busasshiyar laka fiye da shekara 3, da aka zuba ruwa suka farka. Ta haka ne ma Turawa suka san ta: an riƙa aika musu da ita daga Gambiya cikin curin laka, a jirgin ruwa. Wani masani na Ingila, Richard Owen, shi ya rubuta bayaninta a 1839. An daɗe ana gardama ko kifi ce ko dangin kwaɗo.

Da damana take haihuwa. Ana gina gurbi cikin laka, tsakanin ciyawa, inda ruwa ba zurfi. Macen ta zuba ƙwai ta tafi abinta. Namijin ne mai tsaro. Yana kwance bakin gurbi, yana kaɗa wutsiya don sabon ruwa ya riƙa ratsa ƙwan, duk abin da ya matso ya cije shi. Haka yake yi har ƴaƴan su yi ƙwari. Masunci da ya soke shi da zago a lokacin nan ya sami miyar kwana ɗaya, amma ya kashe gurbi guda. Haka nan wanda ya bi fadama da rani, yana neman ƴar kafar nan cikin laka, yana tone duk gaiwar da ya samu: in bai bar wasu ba, baɗi tabkin zai cika da ruwa babu gaiwa. Shi ya sa a wurare da yawa sarkin ruwa ne ke faɗin ranar da za a buɗe su da ranar da za a rufe. Ku kuma sani ruwan gulbi yanzu a hannun mutane yake wani ɓangare. Tun da aka gina madatsar Jibiya, a jihar Katsina, wajen shekara ta 1990, ba dukan ruwan da ya sauka can ne ke gangarowa fadamarmu ba. Gaiwa ta iya jira, amma jiran yana da iyaka.

Dangin gaiwa iri 6 ne kawai suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Amurka ta Kudu, ɗaya a Ostareliya.

Angiya

In kun buɗa littafin Faransanci za ku ga hoton wani kifi dogo mai santsi, an rubuta anguille a ƙarƙashinsa. Yara da yawa sukan ce ga gaiwa. Ba ita ba ce, ko dangi ba su haɗa ba. Babu irinta a gulbinmu ko a tabkin Madarumfa, shi ya sa ba ta da suna a Hausa. A nan za mu riƙa ce mata angiya. Tana zaune a kogunan Turai da na arewacin Afirka, kamar Maroko da Tunisiya da Masar.

Da rana angiya tana ɓoye cikin laka ko ƙarƙashin dutse. Da dare take fita farauta, da hanci take neman abinci, don ganinta ba shi da ƙarfi. Tana cin tsutsa, da katantanwa, da ƙwari, da kwaɗi, da ƙwan kifi, da ƙananan kifaye. Ba ta da huhu, amma tana iya shaƙar iska ta fatarta muddin fatar da danshi. Saboda haka, daren da aka yi ruwan sama, takan fito ta ja ciki bisa jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wani tabki zuwa wani.

Shekaru dubbai mutane suna cin angiya, ba wanda ya taɓa ganin ƙwanta ko jaririnta. Wani malami na ƙasar Girka, Aristotal, wanda ya rayu fiye da shekara 2300 da suka wuce, ya fede ta ya diba bai ga ƙwai ba, sai ya ce daga laka take tsirowa. Kada ku yi masa dariya. Mu ma akwai masu cewa ruwan sama ne ke zubo da kifi, don sun ga gaiwa cikin tabkin da jiya-jiya yake busasshe.

Wanda ya warware zancen wani mutumin Danmak ne, Johannes Schmidt. A 1904 ya kama wani ɗan abu cikin teku, mai kama da ganyen dogon-yaro, garau kamar gilashi. An riga an gane cewa irin wannan abu jaririn angiya ne. Sai ya yi tunani mai sauƙi: inda jariran suka fi ƙanƙanta, can ne mahaifarsu. Ya shiga jirgi yana ratsa tekun Atlantika, yana jan taru mai ƙananan idanu, yana auna duk wanda ya kama. Yana yin yamma, suna ƙara ƙanƙancewa. Kusan shekara 20 ya yi yana wannan aiki. A 1922 ya ba da labari: mafi ƙanana suna tekun Sargaso, wani yanki na Atlantika wajen tsibirin Bamuda, inda ciyawar ruwa ke yawo bisa ruwa. Daga Turai zuwa can ya fi kilometir 5.000.

Ga yadda rayuwarta take. A Sargaso ake ƙyanƙyashe ta. Igiyar ruwa ta ɗauke ta, tana tafe da ita shekara 2 ko fiye, tana cin ɗan garin abinci da ke yawo cikin teku. In ta iso bakin kogi sai ta zama siririya kamar tsinke, tsawon yatsa, har yanzu ana ganin ta cikinta. Ta hau kogi, ta yi launi, ta zauna shekara 10 ko 15 ko fiye, tana ci tana tara kitse. Wata kaka sai jikinta ya sake. Cikinta ya yi fari kamar azurfa, idanunta su yi girma, hanjinta ya shanye. Daga ranar ta bar cin abinci har abada. Ta gangara teku cikin duhun dare, ta kama hanyar Sargaso, watanni tana iyo da kitsen jikinta. Can za ta zuba ƙwai ta mutu.

Kun ga, ita ma jikinta take ci. Gaiwa tana ci tana kwance, angiya tana ci tana tafiya.

Sai a 2022 aka tabbatar da ƙarshen tafiyar, da aka ɗaura wa wasu manya ƴan na'urori a tsibiran Asor, tauraron ɗan Adam ya bi sawunsu har Sargaso. Amma har yau ba wanda ya ga angiya tana zuba ƙwai da idonsa. Kuma ta yi ƙaranci ƙwarai. Inda jarirai 100 ke isowa kogunan Turai kafin 1980, yau waɗanda ke isowa wajen 10 ne ko ƙasa da haka. Madatsun ruwa sun tare mata hanya, ruwa ya ƙazanta, ga masu kama jariran suna sayarwa da tsada a Asiya. Tun 2010 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana fitar da ita waje.

Akwai wata a kogin Amazon da ake kira angiya mai lantarki. Suna ne kawai, ba angiyar gaske ba ce. Aikinta irin na minjiryarmu ne: ta girgiza kifi ya sandare, ta haɗiye. Minjirya tana iya kai bolt 350, waccan an auna ta har 860. Wutar da ke cikin gidajen Maraɗi 220 ce.

Shak

Daga Cadakori zuwa bakin teku ya fi kilometir 800, ko an miƙe kamar tsuntsu. Yawancinmu kifin teku sai na gwangwani da na ƙanƙara da ake kawowa kasuwa. Amma kun sha ganin shak a hoto, baki buɗe, haƙora zaƙo-zaƙo. Da Faransanci sunansa requin.

Shak ba iri ɗaya ba ne, ya fi iri 500. Mafi ƙanƙanta bai wuce santimetir 20 ba, ya shiga tafin hannun babba. Dukansu ba su da ƙashi. Ku taɓa kunnenku, ku lanƙwasa shi: abin da kuka ji shi ne guringuntsi, da irinsa aka yi ƙirar jikin shak. Fatarsa kaushi gare ta, in aka shafa daga wutsiya zuwa kai tana kankare hannu, don an lulluɓe ta da ƴan mitsi-mitsin haƙora. Ba shi da jakar iskar nan da kuke gani in ana gyaran ƙarfasa, wadda ke hana kifi nutsewa. Hantarsa ce ƙatuwa, cike da mai, kuma mai bisa ruwa yake tsayawa. Wasu irin dole su yi ta iyo dare da rana, baki a buɗe, don ruwa ya ratsa matsefansu. In suka tsaya numfashi ya yanke. Wasu kuwa suna kwanciya a ƙasan teku lafiya lau.

Mu sau biyu muke yin haƙori: na nono, sai na girma. In na girma ya faɗi, giɓi ya zauna. Shak ba ya giɓi. Haƙoransa jeri-jeri ne, wasu bayan wasu, kamar kunyoyin gona. In na gaba ya karye, na baya ya matso. A rayuwarsa yana iya zubar da dubbai. Kuma haƙori yana faɗin abin da mai shi ke ci: mai cin kifi nasa sirara ne kamar ƙaya, mai yanka nama nasa masu faɗi ne da baki irin na zarto, mai cin ƙaguwa da katantanwa nasa dakaku ne kamar na gaiwa.

Farin shak, wanda ya fi suna, yana kai metir 6. Yana ƙarami kifi yake ci, in ya girma ya koma farautar manyan dabbobin teku masu kitse. Daga ƙasa yake taso musu da gudu. Wani kuma mai zane a jiki, ana ce masa damisar teku, shi ne kurar ruwa: kunkuru, tsuntsu, mushe, ba abin da yake bari. An sha fede shi a tarar da gwangwani da guntun taya da lambar mota cikin cikinsa.

Amma babbansu duka ba ya farauta. Sunansa shak-kifi-whale a wasu littattafai, mu sai mu ce masa giwar shak. Shi ne kifi mafi girma a duniya. Ku sami igiya ku auna metir 12 a filin makaranta, ku ga yara nawa za su kwanta a jere kafin su cika ta. Wasu ma sun fi haka. Faɗin bakinsa ya fi metir 1, amma maƙogwaronsa ƙanƙane ne. Yana tafe sannu-sannu yana zuƙar ruwa, yana tace shi kamar yadda ake tace kunu da rariya. Abin da ya rage a rariyar, ƙananan ƙwarin teku da ƙwan kifi da ƴan kifaye, shi ne abincinsa. Mutane suna iyo kusa da shi ba ya kula su. Kowace shekara, lokacin ɗari, sukan taru a gaɓar Jibuti.

Yaya shak ke samun abinci cikin duhun ruwa? Yana jin motsin kifin da ya ji ciwo daga nesa. Yana da hanci mai kyau, ko da yake masu cewa yana jin ɗigon jini ɗaya daga wancan gefen teku sun ƙara gishiri. Sai igiyar ruwa ta kawo masa warin. In ya matso kusa, yana da wani ji da mu ba mu da shi. Bisa hancinsa akwai ƴan ramuka masu yawa cike da yauƙi. Duk mai rai, in tsokarsa ta motsa ko zuciyarsa ta buga, yana fitar da ɗan lantarki kaɗan. Ramukan nan suna jin sa. Ko kifi ya binne kansa cikin rairayi, bugun zuciyarsa ya tona shi.

Kun tuna da ure? Ruwan teku gishiri ne, yana tsotse ruwan jikin kifi, kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama. Shak yana tara ure cikin jininsa da gangan, don jinin ya yi kauri daidai da ruwan teku, kada ya bushe. Abin da gaiwa ke ajiyewa don ba ta da wurin zubarwa, shak yana ajiye shi don amfani. Shi ya sa naman shak, in ba a gyara shi da wuri ba, yake warin fitsari.

Wasu suna yin ƙwai, amma da yawa haihuwa suke yi, ɗan ya fito da haƙoransa ya kama gabansa. A wani iri, wanda ya riga girma cikin ciki yana cinye ƴan'uwansa tun kafin a haife shi. Ba su haihuwa da yawa, kuma ba su balaga da wuri. Wasu sai sun shekara 10 ko 15. Na tekun Girinlan, can cikin ƙanƙara, an auna shekarun wata a 2016 aka ga ta yi aƙalla 272.

Shin yana cin mutane? Yakan faru, amma da wuya. A duniya duka, mutanen da shak ke kashewa a shekara wajen 10 ne, yawanci ma cizo ɗaya yake yi ya saki. Zazzaɓin cizon sauro kuwa yana kashe wajen mutum 600.000 a shekara, yawancinsu yaran Afirka. A ganina yaron Cadakori da ke tsoron hoton shak, ya kwana ba gidan sauro, bai san inda maƙiyinsa yake ba. Mu kuma, wani lissafi da aka yi a 2013 ya nuna muna kashe shak wajen miliyon 100 kowace shekara. Wasu don nama, kamar a Senegal da Gana inda ake sa masa gishiri a shanya. Da yawa kuma don fikafikansu kaɗai, da ake miya mai tsada da su a Asiya. Ƙarfasa tana fara haihuwa tun tana da ƴan watanni, ko an kama da yawa tana mayarwa. Wanda sai ya shekara 15 ya haifi ƴaƴa goma ba ya mayarwa.

Danginsa na kusa da mu

Ruwan Gulbin Maraɗi, in ya wuce Tibiri da Gidan Rumji, Najeriya yake komawa. Ya faɗa gulbin Rima, ya wuce Sakkwato, ya shiga Kwara, daga nan sai teku. A kan hanyar nan, cikin Kwara da Binuwai, akwai wani kifi shimfiɗaɗɗe kamar faifai, mai doguwar wutsiya da ƙari mai dafi. Masunta suna ce masa kunamar ruwa. Ɗan'uwan shak ne: guringuntsi gare shi, ba ƙashi. Yana kwance cikin rairayi yana cin tsutsar ƙwarin ruwa, in aka taka shi ya yi harbi. Masana sun rubuta shi a 1962, daga wanda aka kama a Garwa, ƙasar Kamaru. Shi ma ya yi wuyar gani yanzu.

Shak kansa ya taɓa zama a ƙasar nan. Shekaru miliyon 60 zuwa 70 da suka wuce, wani hannun teku ya rufe yankin Tawa da Ƙwanni da Sakkwato. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza a ƙasan tekun nan ya taru. Cikin duwatsun Adar da Azawak an tsinci haƙoran shak da na dangin kunamar ruwa, sun zama dutse. Wani masani na Faransa, Henri Cappetta, ya rubuta bayaninsu a 1972. Can kuma Gadafawa, gabas da Agadas, inda aka tono ƙasusuwan dinozor, an sami haƙoran kakannin gaiwa, falle-falle, da tudu da kwari.

In an kawo gaiwa kasuwa, ku roƙi mai kifi ya ba ku kan. Ku dafa shi har nama ya saki, ku wanke ƙashin, ku shanya, ku kawo aji. Ku ƙirga tudun da ke bisa kowane haƙori, na sama da na ƙasa, ku zana su cikin littafinku.